Yadda Muke Hawan Dutse Idan Sama Ba Ta Da Tabbas

Mu biyar muka bar tanti da asuba, sama tar kamar an wanke ta. Ƙarfe ɗaya ba ta yi ba hazo ya rufe mu ruf, har wanda ke gabanka da taku goma sai dai ka ji muryarsa. Yawancin abin da zan faɗa a nan a wannan tafiyar na koye shi, kuma da kuskure na koya.

Ku fara da lissafin lokaci tun jaka tana ƙasa. Wani mai hawan dutse ɗan Sukotlan, William Naismith, ya kawo wata ƙa'ida a 1892 da har yau ake amfani da ita: awa ɗaya ga kowane kilomita 5 na tafiya, sannan a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Hanya mai kilomita 10 da hawan mita 1,200 ta zama awa 4 ke nan. Sai dai wannan lissafin na mai ƙarfi ne da ba ya tsayawa hutawa. Ni idan da kaya a baya, kuma da abokai, rabin lokacin nake ƙarawa a kai, domin tafiyar ayari da saurin na baya ake auna ta.

Daga wannan lissafin za ku fitar da abin da ya fi komai muhimmanci, wato lokacin juyawa. Ku zauna da dare, kowa na cikin hayyacinsa, ku tsayar da sa'ar da za a juya, an kai ƙololuwa ko ba a kai ba. A wurare da yawa da rana hadari ke haɗuwa a kan duwatsu, bayan ƙasa ta ɗau zafi iska mai ɗumi ta yi sama, shi ya sa ake sammako. Ranar 10 ga Mayu 1996 a dutsen Everest, ƙarfe biyu na rana ne lokacin da aka san ya kamata a juya, amma wasu sai wajen ƙarfe huɗu suka kai sama. Guguwa ta riske su a hanyar saukowa, mutum takwas suka rasu. Cikinsu har da ƙwararrun jagorori.

Mu ƙarfe sha biyu na rana muka sa a matsayin lokacin juyawa. Da sha biyun ta yi, ga ƙololuwa muna hango ta, bai fi tafiyar minti arba'in ba. Na ce mu juya. Wani abokinmu ya dafa kafaɗata ya ce, "Haba Malam, mun sha wannan wahalar, sai da muka zo bakin ƙofa za mu koma?" Na dubi sauran, kowa ya sunkuyar da kai. Ba wanda ke son a ce shi ne matsoraci. Muka ci gaba. Wannan kunyar ta tsakanin abokai ita ce dalilin da ya sa ake yanke maganar tun a ƙasa, don a can sama baki yakan yi nauyi.

Ruwa ya sauko da ƙanƙara muna kan doron dutse. A nan sutura ta nuna bambancinta. A matsakaici, sanyi na ƙaruwa da kimanin digiri 6.5 a kowane mita 1,000 da ka hau, ga iska kuma tana kwashe ɗumin jiki. Riga uku ake jerawa: ta ciki ta ulu ko yadin roba mai saurin bushewa, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Auduga kam a bar ta a gida. Idan ta jiƙe sai ta manne a fata ta ƙi bushewa.

Ƙaramin cikinmu rigar auduga ce a jikinsa. Na ga yana rawar ɗari, yana ta kama zif ɗin rigar ruwansa yana kuɓucewa, yatsun sun ƙi bin umarni. Na tambaye shi, ya ce, "Lafiya lau nake, Yaya," amma maganar a cakuɗe take fita kamar mai magagin barci. Waɗannan su ne alamun zafin jiki na faɗuwa, kuma idan ya sauka ƙasa da digiri 35 an shiga haɗari. Mai wannan hali ba ya gane halin da yake ciki, saboda haka kada ku yarda da "lafiya lau" ɗinsa. Muka ja shi bayan wani dutse inda iska ba ta bugawa, muka tuɓe jiƙaƙƙiyar rigar, muka sa masa busasshiya, muka shimfiɗa jaka ya zauna a kai don kada sanyin ƙasa ya ƙara masa, muka ba shi ruwan ɗumi mai zaƙi. Busasshiyar rigar ta tsira ne don na zura babbar leda mai kauri a cikin jakata kafin in zuba kaya. Jakar goyo, duk tsadarta, tana shan ruwa ta wajen ɗinki.

Idan walƙiya ta fara, ku ƙirga daƙiƙu tsakanin hasken da ƙarar tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kusan kilomita ɗaya ce. Ƙasa da daƙiƙa 30, ku bar doro da ƙololuwa nan take, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin ƙaramin kogo. Ku warwatsu da tazara mai yawa, don idan aradu ta faɗi kada ta haɗa da kowa, a samu mai taimako. Tanti ba ya kare mutum daga aradu. Bayan tsawar ƙarshe a jira minti 30.

Hazo kuwa akasin haka yake so, a dunƙule wuri guda, mai ƙarfi ɗaya a gaba ɗaya a baya. Sanyi na shanye batirin waya da wuri, don haka taswirar takarda a cikin leda da kamfas su zama a aljihu, kuma fiye da mutum ɗaya ya iya karanta su. Kowa ya rataya usur da tocilar goshi. Busa shida cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a maimaita: alamar neman agaji ke nan da masu hawan dutse suka sani. Kuma a bar wa wani a gida hanyar da za a bi da ranar dawowa.

Wurin kwana kada ya zama busasshen kwazazzabo, ko da yashinsa ya fi ko'ina laushi. Ruwan da aka yi can sama, inda ba ku ma gani ba, nan zai biyo da dare. Ƙoramar da kuka tsallake da safe tana iya kaiwa cinya da yamma. Idan dole ne a ƙetare, a kwance maɗaurin jaka na ƙugu don a iya yar da ita in an faɗi. Idan kuma dutsen ya haura mita 2,500, ciwon kai da tashin zuciya na iya zama alamar ƙarancin iskar shaƙa ne. Wanda ya ji haka ba ya ƙara hawa, in ya tsananta a sauko da shi. Sama da mita 3,000, wurin kwana kada ya ɗara na jiya da fiye da mita 500.

Yanzu a takarda muke rubuta lokacin juyawa, mu damƙa wa wanda ya fi kowa rashin damuwa da kaiwa sama, kuma idan ya ce a juya ba musu. A tafiyarmu ta baya-bayan nan ni aka ba takardar. Sha biyu na yi na ce mu koma, ƙololuwa na gabanmu. Ranar ko ɗigon ruwa ba a yi ba, rana ƙwal har faɗuwarta. Abokin nan nawa bai ce mini uffan ba har muka iso tanti.