Yadda za ka ci gwazar Hanalei, ka kuma taka hanyar Kalalau lafiya

A wurinmu gwaza, ko makani kamar yadda wasu ke kiransa, abin marmari ne: a dafa, a ɓare, a dangwala yajin ƙuli, shi ke nan. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noma shi a duniya, amma ban taɓa ganin an tari baƙo da shi ba. A Hawai, can tsakiyar tekun Fasifik, gwaza shi ne tuwon gida, sunansa kalo, kuma girmansa ya wuce na abinci.

A labarin asalin mutanen tsibiran, Wakea da Ho'ohokukalani sun haifi ɗan fari bai zo da rai ba. Aka binne shi a gefen gida, sai gwaza ya tsiro a wurin. Ɗa na biyu, Haloa, shi ne suke cewa kakan mutanen Hawai. Ke nan gwaza yayansu ne. Ba sai ka yarda da labarin ba, amma ka san da shi kafin ka zauna cin abinci da su, domin daga nan ne al'adar ta fito cewa idan aka buɗe kwanon poi, wato dafaffen gwaza da aka kirɓa aka dama da ruwa, ba a faɗa, ba a tayar da maganar bashi ko tsohuwar gaba. Baƙon da ya ɗanɗana ya yamutsa fuska yana dariya, ya yi abin kunya ko da ba wanda ya tanka masa.

Wurin da ya fi dacewa ka ga wannan duka shi ne arewacin tsibirin Kauai. Jirgi zai sauke ka a Lihue, daga nan kusan awa guda a mota zuwa Hanalei. Kafin ka gangara kwarin akwai inda ake tsayawa a gefen titi a leƙa ƙasa. Ka tsaya. Za ka hango fangalai shimfiɗe cike da ruwa, kore shar, kogi na ratsa su. Mafi yawan gwazar da ake yin poi da shi a Hawai daga tsibirin nan yake fitowa, kuma kwarin Hanalei ne cibiyarsa. A ƙasa akwai gadar ƙarfe ta 1912 wadda mota ɗaya kawai take ɗauka. Ƙa'idar mutanen wurin ita ce motoci biyar zuwa bakwai su wuce, sannan a ba wa na ɗaya ɓangaren hanya. Kada ka danna hon.

Fangalin gwaza sunansa lo'i. Ana janyo ruwa daga kogi ta wata magudana da suke kira 'auwai, ya shiga fangali na sama, ya zubo na ƙasa, a haka har ya koma kogi. Dole ruwan ya kasance mai sanyi kuma yana tafiya, domin idan ya kwanta ya ɗumama sai saiwar ta ruɓe. Abin da ake shukawa kuwa shi ne huli, wato a yanke saman gwazar da ɗan kararsa a sake dasawa, ya yi kusan shekara kafin a cire. Manoman suna fama da dodon koɗi mai cin shukar da kuma cutar ganye. Wani sashe na kwarin gandun kare tsuntsaye ne tun 1972, za ka ga dinyar da suke kira nene tana yawo a kan kunyoyi. Gonakin nan na mutane ne, da su suke ci da iyali. Kada ka tsallaka ciki don ɗaukar hoto. Idan kana son sa hannu a aikin, ƙungiyar Waipa da ke gaba kaɗan da garin Hanalei tana yin poi duk ranar Alhamis da safe tare da masu aikin sa kai, ana rabawa iyalai da tsofaffi. Ka tuntuɓe su tun kafin ranar, ka sa kayan da ba ka jin tausayinsu.

Cin poi

Launinsa toka-toka ne mai sirkin shunayya, yana da yauƙi, ba gishiri ba sukari. Wanda aka yi yau kusan salam yake. Bayan kwana biyu ko uku sai ya fara tsami, kuma da yawa daga cikin tsofaffinsu sun fi son mai tsamin. Ni ma shi na fi so. Kaurinsa da yatsa ake aunawa: akwai na yatsa ɗaya, na biyu, da na uku. Na yatsa ɗaya shi ne mai kauri, na uku ya yi ruwa har sai ka haɗa yatsu uku kafin ka kwaso. Ka tsoma yatsun zuwa gaɓar farko, ka murɗa wuyan hannu sau ɗaya ya naɗe, ka kai baki da sauri kafin ya zubo.

Kuskuren baƙi shi ne su ci shi zalla, sannan su ce ba daɗi. Poi abokin abu mai gishiri ne. Ka fara sa busasshen kifi a baki, ko lomi, wato kifin salmon mai gishiri da aka cuɗa da tumatir da albasa, sannan ka bi da poi. A nan za ka gane amfaninsa.

Musulmi ya buɗe ido a kan teburin. Naman da ake gasawa cikin rami, kalua, alade ne. Laulau, wato ƙunshin ganyen gwaza da aka turara, yawanci alade ne a ciki, har na kaza ma wasu kan sa masa kitsen alade, don haka ka tambaya dalla-dalla. Wanda ba ruwansa da wannan matsalar shi ne kulolo: gogaggen gwaza da madarar kwakwa da sukari, a turara shi awanni har ya yi ja-ja-ja ya daskare, a yanka. Na Kauai ya yi suna. In ka gan shi a kasuwar manoma ka saya, shi ne guzurinka na hanya.

In kana son yin naka

Gwazar kasuwarmu ma za ta yi, sai dai launin zai fi haske, domin irin da suke kira lehua shi ne mai ba da shunayyar nan. Ka zaɓi manyan kawuna masu nauyi, ka wanke, kada ka fere. Turara su da ɓawonsu awa biyu ko fiye, gwargwadon girmansu, har sai wuƙa ta ratsa tsakiya ba tare da turjiya ba. Kada ka yi gaggawa a nan. Ƙaiƙayin gwaza daga wasu ƙananan tsinaye masu kama da allura yake zuwa, kuma dahuwa mai kyau ce kaɗai ke kashe ƙarfinsa. Gwazar da ba ta nuna ba za ta kama maka maƙogwaro ko da ka kirɓa ta kwana. Ganyen ma haka, yana son dogon dahuwa.

Idan ya ɗan huce sai ka ɓare, ka kankare da bayan cokali har ka cire duk wani baƙi da tauri, ka ɗauraye. Su a kan wani faffaɗan katako mai ɗan zurfi suke kirɓawa da dutse mai mariƙi. Turmi da taɓarya za su yi maka aikin, in dai ba turmin da aka daka barkono a ciki ba ne. Ka fara farfasa shi tun da ɗuminsa, sannan ka shiga kirɓi. Sirrin yana wajen ruwa: ba a zubawa. Kwano za ka ajiye a gefe, ka riƙa jiƙa hannu kana shafa wa kan taɓarya, kana juyo ƙullin daga gefe zuwa tsakiya. Da farko zai yi gari-gari, sai ya fara kama jikinsa, daga baya ya zama dunƙule mai sheƙi da danƙo, ba gudaji. Wannan shi ne pa'i'ai. Kamar curin fura yake: a haka ake ajiye shi, a haka ake tafiya da shi, sai an tashi ci a dama. Mutanen da can ganye suke naɗe shi da shi ya daɗe bai lalace ba. Abin mamaki, dokar tsaftar abinci ta daɗe tana hana sayar da wanda aka kirɓa da hannu, sai a 2011 aka sassauta.

Damun kuma da hannu ake yi, ruwa kaɗan-kaɗan, kana matsewa tsakanin yatsu har ya kai kaurin da kake so. In za ka bar shi ya yi tsami, ka goge gefen kwanon tas, ka zuba ɗan ruwa ya rufe samansa don kada ya yi ɓawo, ka lulluɓe da ƙyalle mai tsafta a wuri mai sanyi. Firij yana sa shi tauri.

Hanyar gaɓar teku

Daga Hanalei titi yana ci gaba ta ƙananan gadoji har ya ƙare a Haena. Daga nan sai tsaunukan Na Pali, waɗanda suka miƙe daga cikin teku, mota ba ta ratsa su. Hanyar ƙafa ta Kalalau mil 11 ce, kusan kilomita 18, daga bakin ruwan Ke'e zuwa kwarin Kalalau.

Ba a zuwa haka kawai. A watan Afrilun 2018 an yi ruwan sama na milimita 1,262 cikin awa 24 a Waipa, fiye da abin da Kano ke samu a shekara guda. Ƙasa ta zaftare ta toshe titi, Haena da hanyar Kalalau ba su sake buɗewa ba sai a watan Yunin 2019, kuma da sabon tsari: mutum 900 a rana. Wanda ba mazaunin Hawai ba ne sai ya kama gurbi ta intanet, ana buɗe rajista kwana 30 kafin ranar. Gurbin ajiye mota yana ƙarewa nan da nan, don haka ka nemi na motar jigila da ke tashi daga Waipa. Ka sauke tikitin a wayarka tun kana gari, can ba sabis.

Daga inda aka sauke ka za ka bi gadar katako ta tsakiyar fangalan gwaza da mutanen Haena suka farfaɗo da su. Kada ka wuce su da gudu. Duk kwarurukan da ke gabanka a da gonaki ne irin waɗannan. Mutane sun zauna a Kalalau suna noman gwaza har zuwa wajen 1919, kuma jerin duwatsun da za ka riƙa gani cikin ciyawa katangun fangalansu ne. Ba a hawa kansu, ba a ɗauke dutse.

Ga mai yini ɗaya, iyakarka bakin tekun Hanakapiai, mil biyu daga farko. Ka tashi da sassafe. Mil na farko hawa ne a kan duwatsu masu santsi da saiwoyi, zufa za ta jiƙa ka tun ba ka je ko'ina ba. Bayan kamar rabin mil ka waiwaya, za ka hango Ke'e a ƙasa, ruwan tas har kana ganin murjani. Daga nan sai gangara cikin jan taɓo. Mil biyu ba komai ba ne a baki, amma zuwa da dawowa ka ware awa uku zuwa huɗu. Takalmi mai kama ƙasa, ba silifa ba. Sanda tana taimakon gwiwa. Ka ɗauki ruwa aƙalla lita biyu, da ƙari don alwala in azahar za ta same ka a can. Ruwan rafin yana da kyan gani amma ba a shansa sai an tace an kashe ƙwayoyin cuta, domin fitsarin ɓeraye da aladun daji yana kawo wata cuta mai zazzaɓi da ke shiga har ta rauni a fata.

Abu biyu ke hallaka mutane a nan, dukkansu ruwa ne. Na farko rafin Hanakapiai, wanda ake tsallakawa dab da bakin teku. Ruwan da ke raya gwaza a ƙasa daga saman tsaunuka yake zubowa, kuma ana iya tafka ruwa a can sama kana tsaye cikin rana ba ka sani ba. Cikin 'yan mintuna rafin da ke iya ƙauri sai ya kai ƙirji. Ka duba launinsa. In ya zama ja ko ruwan ƙasa, ko yana ɗauke da ganye da rassa, ko ƙararsa ta canza, kada ka shiga. In ya tare ka a wancan ɓangaren, ka hau tudu ka zauna, ko da kwana ne. Yana sauka da sauri kamar yadda ya hau. A watan Afrilun 2014 mutum 121 ne suka maƙale a nan har sai da jirgi mai saukar ungulu ya kwashe su. Waɗanda suka jira sun koma gida.

Na biyu tekun kansa. A Hanakapiai babu shingen murjani da zai karya ƙarfin igiyar ruwa, babu masu ceto, kuma in ruwan ya ja mutum babu wata gaɓa kusa da zai fita sai bangon dutse. Ko gwanin iyo ne kai, kada ka shiga, kada ka juya wa teku baya a kan duwatsu. Daga Nuwamba zuwa Maris igiyar ruwa kan kwashe yashin gaba ɗaya ta bar duwatsu zalla. Mai son wanka ya bari sai ya dawo Ke'e, inda akwai masu ceto, ya tambaye su tukuna.

In ƙafarka da sauran ƙarfi kuma sama garau take, akwai ƙarin mil biyu cikin kwarin zuwa inda ruwa ke zubowa daga tsayin mita 90. Hanyar ta fi wuya, ana tsallaka rafin sau da yawa, kuma jimillar mil takwas za ta cinye maka yini. Ranar da hadari ya haɗu ban ga dalilin gwadawa ba.

Wucewa gaba da Hanakapiai ta gaɓar teku sai da takardar izinin kwana, wadda ake buɗewa kwana 90 kafin lokaci kuma ana rububinta. Kwarin Hanakoa na mil shida, a mil na bakwai kuma akwai wata siririyar hanya a jikin dutse, teku na can ƙasa, awakin daji na turo tsakuwa daga sama. Wannan ba ta ɗan koyo ba ce.

Kada ka sa tikitin jirginka ya faɗo a daren ranar da za ka yi tafiyar. In kogin Hanalei ya cika ana rufe titi a wajen gadar, kuma babu wata hanyar komawa Lihue sai ita.