Yadda na gyara kalandar ofishinmu da ta ƙi hawa wayoyi

Mun gaji da biyan dala duk wata saboda imel, muka koma buɗaɗɗun manhajoji a kan sabarmu: Postfix na aika wasiƙu, Dovecot na ajiye su, SOGo na riƙe da kalanda da lambobin abokan hulɗa. A kwamfuta, ta Thunderbird, manhajar karanta imel da kalanda, komai lafiya lau. Wayoyi ne suka ƙi.

Masu iPhone sai su ga an ce ba a sami asusun ba. Ashe wayar na fara leƙa adireshi biyu a kan sabar, /.well-known/caldav da /.well-known/carddav, Nginx ɗinmu kuwa, wato manhajar da ke karɓar buƙatun yanar gizo a sabar, bai san inda zai tura ta ba. Na ƙara masa layi biyu masu juya ta zuwa /SOGo/dav da lambar 301 (mai nuna adireshi ya koma wani wuri dindindin), na sake loda shi. Nan take taron Litinin ya bayyana.

Android ba ta jin CalDAV da CardDAV (ƙa'idojin daidaita kalanda da lambobi) da kanta, sai da manhajar DAVx⁵, wadda ake samu kyauta a F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajojin Android. Abin da ya fi wahalar da ni tanadin batir ne: wayar na kashe manhajar a ɓoye, lambobi su daina sabuntuwa. Na bi wayar kowa na cire mata wannan takunkumi.