Kafin ka biya kuɗin lesin hutu

Daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba makarantun Najeriya ke dogon hutu, a lokacin ne kuma tallan lesin hutu ke cika WhatsApp: kwamfuta, zane, ninƙaya, har da abincin rana. Kukan iyaye kusan ɗaya ne kowace shekara. An biya kuɗin wata guda a dunƙule, sai yaro ya dawo ya ce yau ma katun suka wuni kallo.

Kada ka yanke hukunci da takardar talla. Taka da ƙafarka ranar da ake aiki, ba tare da ka sanar ba, wajen ƙarfe 11 na safe, lokacin da yara suka fara gajiya. Ƙirga yaran, sannan ka ƙirga manya. 'Yan shekara 6 zuwa 8 na bukatar babba ɗaya ga kowane yara 8. 'Yan 9 zuwa 14, ɗaya ga 10. Maigadi da mai shara ba sa cikin lissafi. Idan ka tarar yarinya 'yar sakandare ce ke riƙe da aji, to malaman da aka yi alkawari suna takarda ne kawai.

Batun kwamfuta ya fi komai yaudara. Ka ce a kunna maka su, domin ta kan tebur ba lallai tana aiki ba. Yara 30 a kan kwamfuta 5 na awa ɗaya, kowa minti 10 zai samu, shi ma in manyan cikinsu ba su danne ƙanana ba. Tambayi me ake yi idan an ɗauke wuta. Akwai sola? In janareto ne, wa ke sayen mai?

Hutun nan cikin damina yake faɗowa, Agusta kuwa ruwa ba ya sallama. Wurin da duk shirinsa a fili yake, ranar ruwa ɗaki ɗaya za a cusa kowa. Leƙa banɗaki, duba ko akwai ruwa da sabulu, ka ga inda suke ɗibar ruwan sha, don lokacin kwalara ne. Ka kuma ji wa suke miƙa wa yaro idan an tashi. Sunayen masu ɗauka su kasance a rubuce.

Kuɗi kuwa, nemi ka biya na mako guda tukuna. Karɓi rasit da jadawalin darussa, a kuma rubuta nawa za a mayar in ka cire yaro.

In an riga an fara kuma hankalinka bai kwanta ba, daina tambayar “ya lesin?”, amsar “lafiya lau” ce. Ce wa yaron: wa ya koyar da ku yau? Ka taɓa kwamfuta? Me kuka ci? Buɗe littafinsa ka duba kwanan wata. Sai ka ɗauki jadawalin ka sami shugaban wurin shi kaɗai, ba a zauren WhatsApp na iyaye ba, ka nuna abin da aka tsallake, ka ba shi kwana 3. Dukan yaro, ko rauni da aka ɓoye maka, ko miƙa yaro ga wanda ba ka aiko ba, waɗannan ba a jira, a ranar za ka cire shi. Idan sun hana ragowar kuɗi, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC na karɓar ƙorafi, sai ka haɗa da rasit da hoton tallan da suka yi.