Yadda Ake Gano Wurin Kallon Tsuntsaye a Bakin Ruwa Tsakanin Hunturu da Bazara

Daga tsakiyar Fabrairu zuwa farkon Afrilu, lokacin da hazo ya fara yayewa, zafin bazara kuma bai kai ga hana mutum fita ba, bakin ruwa a ƙasar Kaduna yakan cika da tsuntsaye fiye da kowane lokaci a shekara. Ƙananan tafkuna da kududdufan daji sun ƙafe, saboda haka tsuntsayen gida sun tattaru a inda ruwa ya rage. Ga kuma baƙin da suka zo daga Turai da yammacin Asiya tun watannin Satumba da Oktoba, waɗanda yanzu suke kiwo ba ji ba gani domin su tara kitsen da zai tsallakar da su Sahara. Wanda ya jinkirta zuwa watan Mayu zai tarar yawancin waɗannan baƙi sun kama hanya.

Kuskuren da sabon mai kallon tsuntsaye ya fi yi shi ne ya nufi bangon madatsar ruwa, domin nan mota take kaiwa, nan kuma ruwa ya fi faɗi da kyan gani. Sai dai wurin yana da zurfi, gaɓarsa dutse ce da siminti, babu abin da tsuntsu zai tsinta. Abin nema shi ne wutsiyar dam, wato inda rafi yake shigowa, ruwa ya baje bai wuce idon sawu ba, yana janyewa kullum yana barin ɗanyen taɓo a bayansa. A cikin wannan taɓo ne tsutsotsi da ƙananan dodon koɗi da ƙwari suke, su ne kuma suke jawo tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da siraran bakuna. A madatsar Kangimi da ke ƙaramar hukumar Igabi, wadda ake bi ta Maraban Jos a je, na sha ganin bambancin da idona: gefen bango shiru sai shirwa ɗaya ko biyu suna shawagi, amma idan aka zagaya inda ruwa ya yi ƙasa, sai a iske kirinjijiya jere a bakin gaɓa suna fito, zalɓe kuma tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi.

Taɓon ma ba duka ɗaya ba ne, kuma a nan ya kamata mutum ya durƙusa ya duba da kyau. Wanda ya bushe ya tsattsage ya riga ya gama amfani. Wanda ake so shi ne mai sheƙi, wanda yatsa yake nutsewa cikinsa, yana ɗauke da sawun ƙafafu masu yatsu uku manya da ƙanana, da ƴan ramuka kamar an caccaka tsinke, alamar inda bakin tsuntsu ya shiga neman abinci. Idan aka ga farin kashi a kan dutse ko kututture, da gashin tsuntsu da iska ta tara a gefen ciyawa, to wurin matattara ce ko da a wannan sa'a babu kowa. A lura kuma da busassun itatuwan da ruwa ya ci suka tsaya a tsakiya, domin a kansu tsuntsaye masu kamun kifi suke zama suna gadi, haka nan inda bado ya shimfiɗa ganye akan ga wani tsuntsu mai launin ƙasa-ƙasa da dogayen yatsu yana takawa a kai ba ya nutsewa. A ganina wurin da ya haɗa taɓo da ciyawar ruwa da ƴan itatuwa a cikin taku ɗari biyu ya fi tafki mai faɗin kilomita da ba shi da komai sai ruwa.

Kafin a fita ana iya rage wahala da taswirar tauraron ɗan'adam ta Google Maps. A nemi inda launin ruwa ya koma fari-fari ko kore, da inda rafi ya rarrabu kafin ya shiga tafki, da hanyar ƙafa da ke kaiwa can. A tuna dai hoton yana iya zama na damina ne, alhali a watan Maris ruwan ya ja baya da nisa. Shafin eBird na intanet, wanda masu kallon tsuntsaye suke amfani da shi, shi ma yana nuna wuraren da wasu suka taɓa rubuta abin da suka gani da ranar da suka gani.

Duk da haka babu taswirar da ta kai masunta sanin ruwa. Idan ka isa ƙauye, ka fara da gaida mai unguwa, ka faɗi abin da ya kawo ka a fili, domin baƙon da ya tsaya a bakin ruwa da madubin hangen nesa bai gaya wa kowa ba dole ya jawo zargi, musamman a wannan zamani. Daga nan ka nemi a haɗa ka da sarkin ruwa ko wani dattijo cikin masunta. Kada ka tambaye shi ko akwai tsuntsaye, amsar za ta zama akwai kawai. Ka ce masa, Baba, a ina ɗinya take sauka da asuba, kirinjijiya kuma ta wane gefe take kwana? Tambaya mai suna ita take samun amsa mai wuri. Wani dattijo da na yi wa irin wannan tambaya bai ce komai ba sai ya ajiye komarsa, ya ja ni ta bayan lambunan albasa har wani lungu da ba a hango shi daga hanya, inda muka tarar da agwagin ruwa baƙi, mazan da farin layi a saman ido, suna kiwo tare da na gida. Idan mutum ya ba ka lokacinsa haka, ka sallame shi da abin da ya dace, idan kuma ya ɗauke ka a kwalekwale ku yi ciniki tun kafin a tura.

Mashayar shanu ma wuri ce da bai kamata a raina ba. Inda Fulani suke kawo garke akan sami balbela tana bin sawu, carki a bayan shanu, da wasu ƙananan tsuntsaye masu rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya sama da ƙasa a tsakanin kofatai. Waɗannan na ƙarshe baƙi ne daga Turai, kuma a watan Maris launinsu yake ƙara fitowa kafin su tafi.

Mazaunin cikin gari ba lallai sai ya yi nisa ba. Kogin Kaduna yakan fitar da duwatsu da tsibiran yashi a wannan lokaci, ana kuma iya kallonsu daga wurin shaƙatawa na Gamji, inda tsohuwar gadar Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a 1954 take. A Zariya akwai madatsar Kubanni da ke cikin Jami'ar Ahmadu Bello da fadamar kogin Galma. Ko da yake waɗannan ba su kai dausayin Hadeja da Nguru yawan tsuntsaye ba, wurin da za ka iya komawa duk mako ya fi koya maka abu a kan wanda za ka je sau ɗaya a shekara. Roƙona ɗaya game da tsibiran yashi shi ne kada a hau su. Zakaran ƙeƙuwa da ire-irensa a ƙasa suke ƙwai da rani, ƙwan kuma ya saje da yashi har sai an taka ake sani. Idan tsuntsu ya tashi yana kewaya kanka yana kuka ba ƙaƙƙautawa, sheƙarsa tana kusa, sai ka ja da baya ta inda ka fito.

Lokaci mafi kyau shi ne daga bayan sallar asuba zuwa misalin ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar. Rana tana fitowa wajen ƙarfe 6:30, don haka da safe ka tsaya a gaɓar gabas ka fuskanci yamma, hasken ya zo ta bayanka, in ba haka ba kowane tsuntsu baƙi za ka gan shi. Da yamma sai ka juya lissafin. Ka bar farar riga a gida ka sa mai launin ƙasa, ka sami gindin itace ka zauna, domin minti 20 na zama shiru ya fi awa guda ana yawo a gaɓa ana korar abin da aka zo gani. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wato mai ƙara girman abu sau takwas, ya wadatar.

Batun tsaro kuwa ba a yi masa ganganci. Dajin Kamuku da ke Birnin Gwari yana da arzikin tsuntsaye, amma ba wurin da mutum zai nufa don ra'ayin kansa ba ne, kowane ƙauye ma sai an tambayi halin da ake ciki a ranar, a tafi mutum biyu ko uku, a dawo kafin magariba. Kusa da bangon dam da injinan ruwa a nemi izinin masu gadi kafin a ɗaga kyamara. Kada a shiga ruwan da ba ya gudu ba takalmi, saboda a irinsa ake ɗaukar tsargiya.

Idan ka sami wuri mai kyau, ka rubuta ranar da sa'ar da inda ruwa ya tsaya, ka ɗauki wani dutse ko kututture a matsayin alama, saboda bakin taɓon yana matsawa kowane mako, tsuntsayen kuma suna binsa. Irin wannan rubutu yana da masu bukata: cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana tattara bayanan masu sa kai domin taswirar tsuntsayen Najeriya. Ka ci gaba da komawa har cikin Afrilu, za ka ga baƙin suna raguwa kaɗan-kaɗan, sannan wata safiya, bayan hadari ya fara haɗuwa a gabas, ka iske shamuwa ta sauka a fadamar, sai ka rubuta ranar ita ma.