Yadda za ka ga ɓawon ƙwaro yana tauri a gaban idonka

Ɗan jan ƙwaron nan da ke fitowa a garin alkama idan ya daɗe a ajiye, wanda masana ke kira Tribolium castaneum, shi nake kiwo don nuna wa ɗalibaina yadda tsutsa ke rikiɗa. Samu kwalba, ka zuba garin alkama da dusarsa, ka gauraya da yis kashi 5 cikin 100, ka saka ƙwari kamar ashirin, ka ɗaure bakin da ƙyalle. Kada ruwa ya taɓa garin, fumfuna zai yi. A ɗumin digiri 30, kusan wata guda ne daga ƙwai zuwa babban ƙwaro.

Bayan mako uku sai ka tankaɗe garin da rariya. Nemi waɗanda suka daina yawo, farare, ƙafafu a naɗe a ƙirji. Su ne masu kwanciyar rikiɗa. Ɗauke su da gashin kaza, kowanne a murfinsa. Na taɓa barin su tare da manya, da safe na tarar an cinye mini rabi, abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Daga nan sai dubawa safe da yamma. Ido ne ke fara duhu, sannan bakin muƙamuƙi da ƙafafu. Cikin kwana 5 ko 6 ƙwaron zai fito fari-fari, fukafukansa na sama laushi tuɓus. Kada ka taɓa shi. A kwanakin da ke biye zai yi ruwan ƙasa, ya ja, ya yi tauri.

Rikiɗar da kake kallo aikin homon biyu ne, wato sinadaran da ke kai saƙo a cikin jiki. Na farko, ekdaison, shi ke ba da umarnin saɓa, homon na ƙuruciya kuma shi ke yanke siffar da za a fito da ita. Muddin na ƙuruciyar yana da yawa, ƙwayar gado Kr-h1 tana danne wata ƙwayar gadon mai suna E93, tsutsa ta saɓa ta sake fitowa tsutsa. Da ya ja baya, ƙwayar gado Broad ta kai tsutsar kwanciyar rikiɗa, E93 ta gina babban ƙwaro. A lokacin ne ƙwayoyin fata ke zubo furotin, musamman CPR27 da CPR18 da suka fi yawa a fukafukan sama, su haɗu da zaren kaitin, sinadarin da ke zama ginshiƙin ɓawon ƙwari. Sinadarin Laccase 2 ke ɗaure su, shi ke kawo taurin da launin. Da masana suka kashe aikinsa da RNAi, dabarar hana ƙwayar gado aiki, ɓawon ya tsaya fari da laushi, ƙwaron ya mutu. Da suka kashe na CPR27, fukafukan suka fito a yamutse, ba sa rufe baya, ruwan jiki ya ƙafe.

Rubuta ranar da kowanne ya fito a jikin murfinsa, ka riƙa ɗaukar hoto kan farar takarda a haske iri ɗaya. Idan ka jera na yau da na jiya da na shekaranjiya, ko ɗan aji ɗaya zai nuna maka wanda ya girmi wani.