Sauya Maganin Ciwon Hanta Nau'in B: Wuraren da Ake Yawan Tuntuɓe

Kuskuren da ya fi kowanne haɗari shi ne barin giɓi. Magani ya ƙare ko ya yi tsada, ko likita ya ce za a canza, sai majinyaci ya zauna wata guda ba ya shan komai yana jiran sabo. Magungunan ciwon, wato tenofovir da entecavir, danne ƙwayar cutar suke yi, ba sa kawar da ita. Da zarar an ɗage mata ƙafa sai ta sake hayayyafa, hanta ta kumbura, shawara ta bayyana a ido. Wanda hantarsa ta riga ta taurare kuwa, hakan na iya zama ajalinsa. Sabon magani ya zo hannu kafin a ajiye tsohon: yau ka sha na ƙarshe, gobe ka fara wancan.

Sai ɓoye tarihi, ko mantawa da shi. Mutane da yawa sun taɓa shan lamivudine a baya saboda araharsa, amma cikin shekara 5 ƙwayar kan bijire masa a jikin kusan kashi 70 cikin 100 na masu shan sa. Irin wannan mutumin idan aka ɗora shi kan entecavir, an gudu ne ba a tsira ba, domin kusan rabinsu cikin shekara 5 shi ma entecavir ɗin yake daina yi musu aiki. Wanda bai taɓa shan komai ba kuwa, da wuya hakan ta same shi. Tenofovir ya kamata a ba mai tarihin lamivudine. Don haka ka tafi asibiti da tsofaffin kwalaye da katinka, ko da kana ganin shirgi ne kawai.

Ana kuma canji ba tare da gwajin HIV ba. Idan mutum yana ɗauke da cututtukan biyu aka ba shi ɗayan waɗannan magunguna shi kaɗai, HIV na iya koyon bijire wa magani. Akwai kuma akasin haka: mai shan haɗin maganin HIV mai suna TLD da ake bayarwa a asibitocin Najeriya, tenofovir da lamivudine da ke ciki su ne ke riƙe masa ciwon hantar, wani lokaci bai ma san yana da shi ba. Aka cire masa tenofovir ba a gwada hanta ba, to an kwance zaki.

Tenofovir ɗin ma iri biyu ne, TDF da TAF, kuma mai kemis ba shi ne zai zaɓa maka ba. TDF mai miligiram 300 na iya taɓa ƙoda da ƙashi, shi ya sa ake mayar da wanda ya haura shekara 60 ko mai matsalar ƙoda kan TAF mai miligiram 25, ko entecavir. Amma TAF ba ya jituwa da rifampicin na tarin fuka. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta faɗa wa likita tun da wuri, TDF aka fi sanin lafiyarsa gare ta.

Yanayin sha ma yana canzawa. Entecavir cikin da babu komai yake so, awa 2 bayan abinci, awa 2 kafin wani. TAF kuwa da abinci ake shan sa.

Bayan an canza, jin sauƙi a jiki ba shaida ba ce. A koma a auna ALT (sinadarin da ke nuna kumburin hanta) da yawan ƙwayar cutar a jini da aikin ƙoda cikin wata 3 zuwa 6. Idan ƙwayar ta ƙaru, kafin a zargi magani a fara ƙirga kwanakin da aka tsallake.