Darasi na 6: Zaɓen babbar kyamara domin ido mai jawo nesa

Babbar kyamara mai naɗewa, wadda ake kafawa a kan ƙafa uku a lulluɓe kai da baƙin zane, fim falle-falle take ci. Falle ɗaya inci 4 ne a faɗi, 5 a tsawo, wato kimanin santimita 10 da 12 da rabi. Tana da allon gaba mai riƙe ido, wato gilashin da haske ke shiga ta cikinsa, da gilashin baya inda hoto ke fitowa a kife, da zugazugi mai haɗa su irin na maƙeri, sai gadon da suke zamewa a kai.

Mai son ɗauko tsaunukan hayin kogin Isa daga cikin Yamai, ko kwalekwalen masunta a tsakiyar ruwa, ido zai fara zaɓa, sannan ya nemi kyamarar da za ta ɗauke shi. Wanda ya fara da sayen kyamara yakan saya sau biyu.

Auna zugazugi

A wannan fim, ido mai milimita 150 ne yake gani kusan yadda mutum ke gani. Mai 300 yana ninka girman abu biyu, mai 600 ninki huɗu.

Ido na yau da kullum yana buƙatar tazara daidai lambarsa tsakaninsa da fim kafin abin da ke nesa ya fito sarai. Mai 450 yana son kimanin milimita 450. In zugazugin kyamara ya tsaya a 320, ko an murɗa maɓalli har ƙarshe dishi-dishi za a gani a gilashi.

Akwai idon da aka ƙera musamman don ya rage wannan tazara, ana sa masa harafin T. Nikkor-T mai 360 yana buƙatar kimanin milimita 260, mai 500 kimanin 350, mai 720 kimanin 470. Waɗannan uku gabansu ɗaya ne, rabin idon na baya kawai ake kwancewa a canza, don haka mai ƙaramin ƙarfi zai iya farawa da guda.

A nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Lambobin nan na abin da ke can nesa ne ƙwarai. Da abu ya matso, sai an ƙara jan zugazugi, kuma ƙarin yana bin cikakkiyar lambar idon ne, ko da mai T ne. Ga lissafin, duk da milimita: a ninka lambar ido da kanta, a raba da abin da ya saura in an cire lambar ido daga nisan abu. Ido mai 500, kwalekwale a mita 10: 250,000 a raba da 9,500, an samu 26. Ke nan zugazugi zai kai 376. A mita 5 kuwa ya wuce 400. Saboda haka a nemi kyamarar da ke da rarar aƙalla santimita 5 bisa abin da ido ke buƙata.

Kyamara Toyo 45A tana miƙewa kimanin milimita 320: ta ɗauki mai 360, ba ta ɗauki mai 500 ba. Linhof Master Technika tana kai kimanin 430, Canham DLC ta zarce 500. Duk da haka kada a dogara da abin da mai sayarwa ya faɗa. A miƙe ta duka, a sa mita daga allon gaba zuwa gilashin baya.

Nauyi da ƙarfin gaba

Kowane ido yana zaune cikin shatarsa, abin da ke buɗewa ya rufe lokacin ɗauka. Shata ƙirar Copal 1 tana son rami na kimanin milimita 42 a allo, Copal 3 kuwa 65. Nikkor-T mai 600, 800 da 1200 duk a Copal 3 suke, nauyinsu wajen kilo ɗaya da rabi. Ƙaramin allo irin na Technika, mai milimita 96 da 99, da kyar yake ɗaukar irinsu, kuma sai an duba ko gindin idon zai shige bakin zugazugi. A ganinmu mai 500 shi ne iyakar da kyamara mai naɗewa ke riƙewa cikin natsuwa. Abin da ya wuce nan aikin kyamara mai dogon sandan ƙarfe ne.

Gwajin ba wuya. A miƙe kyamara, a ɗora ido, a ɗaure duk maɓallai, a taɓa saman allon gaba da yatsa ɗaya ana kallon gilashi da tabarau mai ƙara girma. In hoton ya girgiza ya koma wurinsa nan take, da kyau. In ya zauna a wani wuri dabam, ko allon ya sunkuya, a bar ta a hannun mai ita.

A duba kuma inda ramin ƙusar ƙafa uku yake. In yana can baya, duk nauyi zai rataya a gaba. Sai a sa dogon farantin ƙarfe a ƙasa don a matsar da tsakiya, ko a tallafi gaban da wata ƙafa.

Zafi, ƙura da iska

Tsohon zugazugi yana tsagewa a kusurwa saboda bushewar iskarmu. A shiga ɗaki mai duhu, a miƙe shi, a kunna tocila a ciki. Ɗigon haske ko kamar kan allura zai ɓata fim. Dogo kuma yakan lanƙwashe a tsakiya ya tare hoto, sai gefe ɗaya na fim ya fito baƙi. A tallafe shi da soso ko naɗaɗɗen ƙyalle.

Da fim mai ƙarfin 100 a rana tsaka, in an rufe ƙofar haske zuwa f/32, shata tana kan 1/30, wato kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. A wannan jinkiri iskar hunturu kaɗan ta isa ta shafe hoto. A tsaya ta wajen iska da buɗaɗɗiyar lema, ba tare da ta taɓa kyamara ba, a danna da igiyar shata in iska ta lafa. Hucin da ke tashi daga ƙasa a watannin Afrilu da Mayu yana sa abin nesa rawa, kuma babu ido mai tsadar da ke maganinsa. A fita da sassafe. Ranar da hazo ya rufe hayin kogi, gara a adana fim.

In za a karkata allon gaba da ido mai T, hoton zai gudu a gilashi fiye da yadda aka saba, sai an sake saiti. A karkata kaɗan-kaɗan.

Aikin gida

Kyamara tana miƙewa milimita 320. An ɗora mata Nikkor-T mai 360, ana son ɗaukar raƙumi a tsaye a nisan mita 4. A lissafa ƙarin da ake buƙata, a haɗa da 260, a faɗi ko za ta kai.